KABARIN GWAGGO JUSTINA

Shafi na 19

Masu damuna da saƙo kuna cewa na bar ku a rataye, na ji ku. Wannan shafin ba irin wanda ake rubutawa a tsaye ba ne. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: ƙarshen shekarar 1992, an gama tsinke tuffa. Papa ya sayar da shanu, ya sayar da gidan da kakan kakana, Kornelius Wedel, ya gina a kwarin Talas, a ƙasar Kirgizawa, lokacin da ya iso daga Jamus da keken doki da garma ɗaya. Gobe da asuba mota za ta kai mu filin jirgi, mu koma ƙasar da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu.

*

Da hantsi ne. Mama ta fita sallama da maƙwabta. Ni da Oma Sanna, mahaifiyar Papa, muna kicin, tana gasa burodin tafiya, ƙananan nan masu kai biyu da ake busarwa a tanda har su yi ƙaras-ƙaras. Ta riga ta cika buhu biyu.

Na ce, "Oma, jirgi fa za mu hau. Kafin ki gama addu'ar tafiya mun sauka."

"Kornelius da buhunan burodi ya zo ƙasar nan."

"Shi ai watanni ya yi a hanya."

"Ranar fita kika sani, Neta, ba ki san ranar isa ba. Miƙo min faranti."

Gardama da Oma ɓata yawu ne, sai na miƙa mata.

Karenmu ya yi haushi. Na leƙa ta taga, na ga mutum ya turo ƙyauren waje ya shigo shi kaɗai, ya mayar ya rufe. Bakirgize ne, da farar hularsu ta gashi, zai yi kusan shekara arba'in. Idanunsa jajur. Na ɗauka cikin masu sayen kaya ne ya makara, don ko kujera ba ta rage mana ba.

Papa ya tare shi a bakin ƙofa.

"Bawan Allah, an gama sayarwa. Sai dai ka ɗauki karen."

Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce da Rashanci, "Ba saye na zo ba. A ba ni wurin zama."

Baƙo ya nemi zama, ba a hana shi. Papa ya shigo da shi kicin, ya nuna masa akwatin katako. Oma ta juyo da faranti a hannu. Ta dube shi. Ta ajiye farantin a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe.

Sai ta yi magana da Kirgizanci.

"Yaushe?"

Tunda nake, ban taɓa jin Oma ta yi yaren nan ba, in ba tayin kaya a kasuwa ba.

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Shekaranjiya da yamma, Kaka."

"Ta sha wahala?"

"Ba sosai ba. Da hankalinta har ƙarshe."

Oma ta zauna a kan buhun burodi. Na ji yana farfashewa a ƙarƙashinta, ba ta ko kula ba.

Papa ya dube ta, ya dubi baƙon. "Wa ya mutu? Oma, kin san shi ne?"



Na miƙa wa baƙon burodi, don Bakirgize ba ya shiga gida ya fita bai taɓa burodin gidan ba. Ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana jujjuya shi.

"Haka take yin nata," in ji shi. "Ƙarami a kan babba. Matan ƙauyenmu suna yi mata dariya, wai burodinta ya goyi ɗa."

Ya gutsura ya ci, sannan ya fuskanci Papa.

"Sunana Kubatbek. Mahaifiyata Ayimkan ta rasu. A wurinmu ɗa ba ya barin gawar uwarsa ya kama hanya, amma ba ni da wanda zan aiko ku yarda da shi. Kuma a wurinmu ba a binne mace sai gidan ubanta sun ga fuskarta, sun ce tasu ce. Mu 'ya'yanta ne, amma ƙashinta na gidan ubanta ne."

Papa ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Sai ka je gidan uban nata."

"Ga ni a ciki, Kawu."

Kun san Papa daga shafukan baya. Ditrik Wedel, mai wa'azi a majami'armu, mutumin da ko tari ba ya yi sai ya shirya. Ranar na ga kunnuwansa sun yi ja.

"Kada ka ƙara kirana da wannan suna. 'Yar'uwa ɗaya gare ni, Justina, ta mutu tana shekara shida a shekarar yunwa. Ga kabarinta can ƙarshen lambu, kusa da na Kornelius. Wannan yarinyar ke cire masa ciyawa duk Asabar."

Gaskiya ne. Tun ina ƙarama aikina ne. Ni na shuka furannin da ke kansa, kuma jiya-jiya na je na yi masa sallama, na yi kukana ni kaɗai.

Kubatbek ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar yaro gaban malami.

"Justina 'yar Isbrand. Isbrand ɗan Gerhard. Gerhard ɗan Kornelius, wanda ya zo da garma. Kornelius ɗan Tobias, wanda ya ƙi tasowa, ya ce ba zai bar gonarsa ta bakin kogi ba."

Sunayen sun karkace a bakinsa, amma babu wanda ya ɓata. Na ƙarshen ne ya sa tsigar jikina ta tashi. Tobias ba ya kan kowane kabari a kwarin nan. A teburin gidanmu kaɗai ake ambatonsa.

"Mu kakanni bakwai muke haddacewa," ya ci gaba. "Ita huɗu take da su. Ana tsokanarta da mai gajeren asali. Takan ce huɗun nan tsoho ya sa ta maimaita har ta iya kafin ya miƙa ta, bai ƙara mata ko ɗaya ba."

"Wane tsoho?"

"Kakanka Gerhard."

Papa ya juya. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Oma, ki ce masa ƙarya yake."

Oma ta share hannuwanta da gefen riga, ta sake sharewa, alhali babu komai a jikinsu.

"Duwatsu ne a ciki, Ditrik."

"A cikin me?"

"A akwatin gawarta. Opa Gerhard ya ƙera shi da hannunsa, ya zuba duwatsun rafi, ya buga ƙusa, ya kira mutane aka yi waƙa aka binne."

Na jingina da bango. Haushi ne ya fara zuwa min kafin baƙin ciki, ba zan ɓoye muku ba. Shekara da shekaru ina durƙusa wa duwatsun rafi.

Papa ya ce, "Faɗa min duka."

"Zauna."

"A tsaye zan ji."

"To, tsaya." Ta ja numfashi. "Ka san gwamnati ta kwashe ubanka da sauran Jamusawa zuwa aikin dole lokacin yaƙin duniya, bai dawo ba. Ka san ni ma an kwashe ni. Da ba ka cika shekara uku ba da sun bar ni, amma ka cika, sai suka tura ni haƙar kwal. Na bar ku biyu a hannun tsoho. An ƙwace saniya. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Kai kana tari, ba ka riƙe komai a ciki, ko ɗaga kai ba ka yi."

"Na san wannan. Sai Allah ya aiko akuya."

Duk wanda ya taɓa zama a majami'armu ya san labarin akuyar. Papa yana ba da shi kowace shekara ranar godiyar girbi. Yadda Opa Gerhard ya durƙusa ya roƙi Allah, da gari ya waye ya buɗe ƙofa ya tarar da akuya a ɗaure, hantsarta cike da nono, ba a san mai ita ba har yau. Tsofaffi suna kuka duk lokacin da ya kai wurin buɗe ƙofar. Ni kaina da labarin nan aka yaye ni.

Oma ta ce, "Akuyar Toktosun ce."

"Wane ne Toktosun?"

Kubatbek ya amsa, "Makiyayi. Shi ya riƙi mahaifiyata. Shi muke kira kaka."

"Yakan sauko daga dutse ya yi musayar ulu da tuffa a wurin tsoho," in ji Oma. "Ya zo ya ga halin da kuke. Ya ce baki biyu ba za su kai bazara a gidan nan ba. A ba shi yarinyar ya ciyar da ita, ba su da 'ya, ya bar akuya saboda yaron. Tsoho ya dubi gona, ya dubi wanda zai gaje ta. Ya yarda."

"Sayar da ita ya yi."

"Aro ya ce, zuwa bazara."

"To da bazarar ta zo?"

"Ya riga ya binne ta. Ya ji kunyar a ce Wedel ya ba da 'yarsa ga Musulmi ya karɓi akuya. Da safen da aka tafi da ita ya ce wa maƙwabta zazzaɓi ya ɗauke ta. Wanda ka binne gaban jama'a, ta wace ƙofa za ka dawo da shi?"

Burodi yana ƙonewa a tanda. Ina jin ƙaurinsa, na kasa motsi.

Papa ya ce, "Ke yaushe kika sani?"

"Na dawo daga kwal aka nuna min kabari. Shekara bakwai ina kuka a kansa, tsoho yana tsaye bayana da hula a hannu. Sai da ya ga mutuwa ido da ido ya kira ni ya faɗa."

"Ba ki je ba?"

"Na je. A ƙafa, ba takardar izini, lokacin da Bajamushe bai isa ya wuce gadar ƙauye ba. Na same ta ta yi aure, da farin rawani na matan aure a kanta, tana jijjiga wannan a shimfiɗar jariri." Ta nuna Kubatbek da haɓa. "Ta gane ni tun daga nesa. Jamusancin ya gudu daga bakinta, sai Mama kawai ya rage."

"Sai me?"

"Na ce ta zo mu tafi gida. Ta ce, da mijina da ɗana? Da sallata?"

"Me kika ce?"

"Shiru na yi, Ditrik. Ta zuba min shayi, ta sake zubawa, tana jira. Ban ce komai ba. Ta raka ni har bakin rafi."

Nan muryar Oma ta karye. Ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka fitar da shanu. Na tausaya mata, kuma na ji kamar in girgiza ta.

"Tsoron dattawan majami'a na ji. Ba su daɗe da karɓata ba, ni da na dawo daga kwal ba miji. Kai kuma kana sha shida, an yi maka baftisma, ka miƙe gaban jama'a ka ba da labarin akuya karo na farko. Fuskarka tana haske. Na ce bari ya ƙara girma. Kullum bari ya ƙara girma, har ka yi furfura."

"Kin bar ni ina yi wa Allah ƙarya a ɗakinsa."

"Ba ka yi ƙarya ba. Abin da aka faɗa maka ka faɗa."

"Kina zaune a layin gaba. Kina cewa amin."

"Ina cewa."

Sai wani abu ya faɗo min. Na ce, "Oma, matar nan mai busasshen cuku a kasuwar kaka. Mai idanu kalar toka. Wadda kike daɗewa a rumfarta kina cewa tsada take yi."

Oma ta gyaɗa kai.

"Wadda take cika min aljihu ba ta karɓar komai."

"Sau ɗaya a shekara nake ganinta. Ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya."

Papa ya je bakin taga ya ba mu baya. Daga nan ana hango ƙarshen lambu, da ɗan shingen da ya kewaye kaburburan. 

Da ya yi magana, ba ga kowa ya yi ba.

"Tsoho ya ce babu sawun kowa a ƙanƙara. Ya ce igiyar an yi mata ƙulli a kan ƙulli, sai da ya sa wuƙa."

Kubatbek ya ce, "Wannan gaskiya ne, na ƙullin."

Papa ya juyo.

"Ita ta ɗaure. Takan ba mu labari. Ta ce Toktosun ya miƙa mata igiyar ya ce ta ɗaure wa ƙanenta. Ta ji tsoron kada akuyar ta kwance ta bi su, kai ka rasa nono. Sai ta yi ta ƙullawa har yatsunta suka daskare. Ta leƙa ta ga kana barci, ba ta tashe ka ba, aka ɗora ta a doki."

Papa ya zauna. Ba a kan akwati ba, a ƙasa, a daɓen kicin, da wandonsa na zuwa majami'a. Ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa suna rawa, amma babu sauti.

Na fitar da burodin da ya ƙone, don in sami abin yi da hannuna.

Can ya ce, "Ta ji haushina?"

"Kai? Takan ce ƙanena mai wa'azi ne, duk kwarin nan babu mai murya irin tasa."

"Ta taɓa jina?"

"Sau ɗaya. Ta tsaya bayan taga ranar bikin girbinku. Ta dawo gida tana dariya tana hawaye. Ta ce ashe ni mala'ika ce ban sani ba."

Oma ta saki wani sauti, ban san ko dariya ba ne ko kuka.

Kubatbek ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, abin da ba su cika yi ba.

"Kawu, ban zo tonon asiri ba. Ba na neman gado, na ji ma an sayar. Kalma ɗaya nake nema. Mace ce ta mutu, an tambaye ni ina gidan ubanta, na rasa amsa gaban mutane. Ka ce taku ce, ka ga fuskarta, ka zuba ƙasar farko. Shi ke nan."

Wannan karon Papa bai hana shi sunan ba. Amma Papa Papa ne. Na ga yana tattara kansa, yana neman inda zai dafa.

"Gobe da asuba mota za ta zo. Shekaru muka yi muna jiran takardun nan, in jirgin ya tashi babu mu, ban san ranar da za a sake ba mu wani ba. Gidan nan ba namu ba ne kuma. Ƙauyenku yana bayan dutse, wuni guda ne zuwa kawai. Ba zan iya hawa in dawo ba."

Oma ta ɗaure ɗankwalinta. "Ni zan je."

"Oma, ba za ki iya hanyar ba."

"Na iya ta a ƙafa."

"In kika tafi, mun rasa jirgin gaba ɗaya."

"Na bar ta da farko da bindiga a bayana. Na bar ta na biyu saboda bakin mutane. Na ukun saboda jirgi kake so in bar ta?"

Papa ya kasa kallonta. Ya dubi Kubatbek kamar mai roƙo.

"Ka fahimce ni. Ba ƙi na yi ba. Nisa ne."

"Ta san da haka, Kawu. Ta ji labarin tafiyarku a kasuwa. Ta ce kada a wahalar da ƙanenta, yana da hanya a gabansa."

Na ga Papa ya saki numfashi. Wallahi na ji kunya a madadinsa.

Amma Kubatbek bai gama ba.

"Ta bar wasiyya. Dattawanmu sun ce na haukace, limaminmu ya yi ta faɗa kafin ya yarda ya biyo ni. Ta ce a fuskantar da ita alƙibla, a yi mata salla irin tamu. Amma ta ce an yi mata kabari a gidan ubanta tun tana shekara shida, ba ta taɓa kwana a cikinsa ba."



Papa ya ɗago a hankali. "Me kake nufi?"

"Ba kiranku na zo yi ba."

"Tana ina?"

Kubatbek ya mayar da hularsa, ya dubi ƙyauren da ya rufe da hannunsa.

"Tana ƙofar gida, Kawu, kwance a bayan mota. Tun ɗazu take jira a ce ta shigo."